SOKA: KIƊAN DA YA TASO DAGA GONAKIN RAKE

Wadda ke gindin murhu sannu da hayaƙi, wadda ke kan keken ɗinki ko ɗinkin hula sannu da ƙoƙari. A ɗan matso da rediyo kusa, domin tafiyarmu ta yau mai nisa ce. Za mu tsallaka tekun Atilantika ba tare da ko ɗayarmu ta ɗauki mayafi ba.

Abin da na kawo mana yau shi ne labarin wani kiɗa na rawa da ake kira soka. Na san wata za ta ce, "To ni ina ruwana da kiɗan wasu mutane can ƙarshen duniya?" Ki yi haƙuri ki saurara, uwargida. Na farko dai, irin wannan kiɗa da danginsa sun riga sun shigo gidajenmu ta wayoyin 'ya'yanmu, ko mun san sunansa ko ba mu sani ba, kuma uwa ba ta iya yi wa ɗanta jagora a kan abin da ba ta san kansa ba. Na biyu, mutanen da suka haifi wannan kiɗa jikokin waɗanda aka kwasa ne daga nan Afirka ta Yamma. Na uku kuma, wanda shi ya fi jan hankalina, idan aka bi saiwarsa aka tona, sai a tarar da mata zaune a tsakar gida suna waƙa, kamar dai yadda muke yi ranar kamu ko ranar suna.

Bari mu fara da ƙasar. Sunanta Tirinidad da Tobago, tsibirai biyu ne a yankin Karebiyan, dab da gaɓar ƙasar Benezuwela ta Kudancin Amurka. Babban birninta Port of Spain. Mutanenta gaba ɗaya wajen miliyan ɗaya da rabi ne, wato birnin Kano kaɗai ya ninka su. Sifaniyawa ne suka fara mulkin Tirinidad. A shekarar 1783 suka buɗe ƙofa ga manoma Faransawa daga tsibiran da ke maƙwabtaka, suka zo da bayinsu suka buɗe gonakin rake da na koko. A 1797 Ingila ta ƙwace tsibirin, ta riƙe shi har zuwa ranar 31 ga Agusta, 1962, lokacin da ƙasar ta sami 'yancin kai, shekara biyu bayan Nijeriya da Nijar.

Bayin nan daga ƙabilu iri-iri suke. Akwai ma Musulmi 'yan ƙabilar Mandingo a Port of Spain, ƙarƙashin wani shugabansu mai suna Jonas Mohammed Bath, waɗanda suka riƙa haɗa kuɗi kamar adashi suna fansar 'yan'uwansu ɗaya bayan ɗaya, har suka rubuta wa hukumar Ingila takarda suna roƙon a mayar da su gida Afirka, suka sa hannu da Larabci. An kammala 'yanta bayi ranar 1 ga Agusta, 1838. Bayan nan kuma aka ci gaba da kawo wasu 'yan Afirka da sojojin ruwan Ingila suka ƙwato daga jiragen masu fataucin bayi. Wata malamar jami'a 'yar ƙasar, Maureen Warner-Lewis, ta bi ƙauyuka tana hira da tsofaffi jikokin waɗannan mutane, ta tarar da zuriyar Yarabawa da ta mutanen Kongo, har da ta Hausawa. Kin ji fa, ashe akwai jininmu a can.

To da bayi suka sami 'yanci, akasarinsu sai suka ce su da gonar rake haihata-haihata. Masu gonaki suka rasa ma'aikata, sai Ingila ta juya ga ƙasar Indiya, wadda ita ma a lokacin tana hannunta. Ranar 30 ga Mayu, 1845, jirgin ruwa na farko mai suna Fatel Razack ya iso da 'yan ƙodago Indiyawa a kan yarjejeniyar aiki ta wasu shekaru. Daga nan zuwa 1917 an kawo mutum sama da dubu 140, mafi yawansu 'yan addinin Hindu, wasunsu kuma Musulmi. Da yawa ba su koma ba. Shi ya sa a ƙidayar 2011 aka tarar jikokin Indiyawa kusan kashi 35 ne cikin 100, jikokin 'yan Afirka kuma kusan kashi 34. Ki riƙe wannan lissafi a ranki, domin duk labarin soka a kansa ya rataya: al'ummu biyu, kusan kai ɗaya, wahala ɗaya ta kawo su, amma an zaunar da su suna kallon juna kamar kishiyoyi. Baƙin mutum yana ganin Ba'indiye ya zo ya karya masa farashin ƙodago, Ba'indiye kuma yana ganin an raina shi da harshensa da addininsa.

Yanzu sai mu ɗauki saiwar farko, wato kalifso. A zamanin bauta ba a barin bawa ya faɗi abin da ke ransa, to amma wa ya isa ya hana mai aiki waƙa? Sai suka mayar da waƙa bakinsu. Mutum ɗaya ya bayar, saura su amsa, kamar zabiya da 'yan amshi. A ciki za a yi wa ubangida habaici yana tsaye bai gane ba, a ciki za a isar da labari daga wannan gona zuwa waccan. Ke da kika san waƙar niƙa, ai ba sai na yi miki dogon bayani ba. Mace tana kan dutse tana niƙa, tana rera abin da ba za ta iya faɗa wa uwar miji ko kishiya baki da baki ba, kowa ya ji, kuma babu mai kama ta da laifi. To haka abin yake.

Bayan 'yanci, talakawa suka taru a gidajen haya na bayan gari a Port of Spain. Kowace unguwa tana da 'yan wasan sanda, wasan da suke kira kalinda, kuma kowace ƙungiya tana da mai waƙarta da ke zuga gwanayenta yana yi wa na wata unguwa zambo, kamar yadda makaɗin dambe ke yi. Cikin masu ba da waƙar nan akwai mata, kuma ba a raina su. Duk shekara sukan fito da dare da wutar jiniya a hannu da ganguna, suna tuna yadda ake kora su cikin dare su sare rake idan gobara ta kama gona. Turawan mulki ba su so wannan taro ba. A 1881 'yan sanda suka yi yunƙurin hana shi, aka yi arangama sosai. A 1884 aka kafa dokar da ta hana fita da wuta da kaɗa ganga a titi.

Amma in an toshe wa ruwa hanya sai ya nemi wata. Da aka ƙwace ganga, sai suka sari gora, dogo da gajere, suna buga shi a ƙasa, kowane tsayi da irin muryarsa, kusan yadda shantu yake. Da aka matsa wa gora ita ma, sai samari suka koma ga gwangwanaye da tsofaffin ƙarafa. Da yake ƙasar tana da man fetur, duro ba ya wuya. Wajen shekarun 1930 zuwa 1940 suka gano cewa idan aka lotsa gindin duro da guduma aka rarraba shi gida-gida, kowane gida zai ba da sauti dabam. Haka aka sami gangar ƙarfe, wadda a da ake ganin ta 'yan iska ce, amma yanzu ita ce abin kiɗan ƙasa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware mata ranar 11 ga Agusta ta kowace shekara, kuma a 2025 ƙasar ta cire hoton jiragen Kolumbus daga tambarinta ta sa hoton wannan ganga.

Ga wani abu da zai ba ki mamaki. Su mutanen ƙasar, tsohon sunan da suke kiran kalifso da shi shi ne kaiso, kuma idan mawaƙi ya faɗi magana ta ratsa su sai ka ji 'yan kallo sun ɗauka, "Kaiso! Kaiso!" Masana sun yi saɓani a kan asalin kalmar. Wasu sun ce daga harshen Ibibiyo ko Efik na kudu maso gabashin Nijeriya ta fito, da ma'anar "ci gaba". Wasu kuma, cikinsu har da masanin wasan kwaikwayo ɗan ƙasar, Errol Hill, sun danganta ta da kalmarmu ta Hausa, kaico. Ko wanne ne gaskiya, duka hanyoyin biyu gida suka nufo.

Da aka shiga ƙarni na 20, kalifso ya bar harshen Faransanci na 'yan gona ya koma Turancin ƙasar. An ɗauki kiɗansa a faifan garmaho tun 1912. Daga shekarun 1920 mawaƙa suka fara kafa rumfuna kafin bikin shekara, a biya kuɗi a shiga a zauna a saurara. Ki lura da kalmar nan, a zauna. Kalifso abin saurare ne. Baiti bayan baiti mawaƙi zai kawo labarin tsadar abinci, ko cin hancin wani babba, ko rikicin miji da mata, da ban dariya da gugar zana. Shi ya sa ake ce masa jaridar talaka. Akwai ma gasar da mawaƙa biyu za su tsaya a ba su batu nan take, su yi ta jifan juna da baitoci ba tare da shiri ba. Abin ya dami hukuma har a 1934 ta yi dokar da ta ba 'yan sanda ikon tace waƙoƙi. Duk da haka, ɗaya daga cikin mawaƙan, Raymond Quevedo wanda ake kira Attila the Hun, jama'a suka zaɓe shi ɗan majalisar birni a 1946, sannan ɗan majalisar dokoki a 1950. Wani shahararre kuma, Lord Kitchener, yana zaune a Ingila ya yi wa ƙasar Gana waƙar murnar 'yancin kanta na 1957, kuma makaɗan hailaif na Gana irin su E. T. Mensah sun ɗebi salon kalifso sun zuba a nasu kiɗan.

Wannan saiwa ɗaya kenan. Saiwa ta biyu tana cikin gidajen Indiyawa, kuma a hannun mata take. A al'adar 'yan Hindu na can, kwana biyu kafin ɗaurin aure akwai daren da mata zalla suke taruwa, suna kiransa matiko. Maza ba sa shiga, in ban da makaɗa da ke tsayawa nesa. Tsofaffi su ba da waƙa da harshen Bojpuri da kakanninsu suka zo da shi, a yi wa amarya nasiha cikin raha, a tsokani dangin ango, a taka rawa, a yi dariya. Haka kuma idan an haihu, rana ta shida da ta goma sha biyu mata sukan taru su yi waƙoƙin barka. Kayan kiɗansu sun haɗa da wata ganga mai baki biyu da ake bugawa da hannu, sunanta dolak, da wani dogon ƙarfe da ake ƙwanƙwasawa da ƙaramin ƙarfe mai kama da kofaton doki, sunansa dantal. Ke da kika taɓa zama wajen kiɗan ƙwarya, an kifa ƙwarya a ruwa, mata sun kewaye, an rufe ƙofar zaure, kin san irin wannan dare. Daga waɗannan waƙoƙi na mata aka sami kiɗan da ake kira catni, wanda wani mawaƙi Sundar Popo ya fito da shi fili wajen 1970.

To ga saiwa biyu a ƙasa ɗaya, kowacce na bin hanyarta. Wa ya haɗa su? Wani mutum ne mai suna Garfield Blackman, wanda aka haifa a 1941 a ƙauyen Lengua da ke kudancin Tirinidad. Dogo ne sosai, ya haura ƙafa shida, amma don tsokana aka laƙaba masa Lord Shorty, wato gajere. Baƙar fata ne, sai dai ƙauyensu na manoman rake ne, Indiyawa suka fi yawa, don haka da kiɗan dolak ya tashi a kunnensa. A farkon shekarun 1970 abu biyu suka dame shi. Samari sun juya wa kalifso baya, sun ce kiɗan tsofaffi ne, sun koma ga rege na Jamaika da kiɗan baƙaƙen Amurka. Siyasar ƙasar kuma ta rabu gida biyu, jam'iyyar baƙaƙe da jam'iyyar Indiyawa. Sai ya yi tunanin kiɗan da zai dawo da samari gida, wanda kuma kowane ɓangare zai ji muryar kakarsa a ciki.

A 1973 ya fito da waƙar "Indrani", inda ya sa dolak da dantal a ƙarƙashin kalifso. Kin san mai raba faɗa shi ke shan duka. Indiyawa da yawa suka ce ya wulaƙanta kiɗansu da matansu, baƙaƙe kuma suka ce ya ɓata musu kalifso. Sai ya sake dabara. A faifansa na gaba, "Endless Vibrations", ya ajiye kayan kiɗan Indiyawan, amma ya ɗauki irin bugunsu ya ɗora a kan gangunan zamani da jita. Wannan karon kowa ya tashi ya taka, har da masu zagin jiya. Ya kira sabon kiɗan sokah. Ya ce gaɓar farko tana nufin ruhin kalifso, ta biyu kuma ya ɗauko ta daga harafin farko na baƙaƙen rubutun Indiyawa. 'Yan jarida suka yar da harafin ƙarshe, sunan ya zauna. Kafin shekarun 1970 su ƙare, har tsoho Lord Kitchener da ya fara ƙyamar abin ya shiga ciki.

Yanzu mene ne halin wannan kiɗa, ta yaya za ki gane shi? Abu na farko, ganga ce a gaba, magana a baya. A kalifso makaɗi yana yi wa mawaƙi rakiya, a soka kuwa mawaƙi ne ke bin makaɗi. Akwai babbar ganga mai bugu ɗaya-ɗaya ba tsayawa kamar daka, sai ƙananan bugu da ke faɗowa a tsakani kamar luguden mata biyu a turmi ɗaya. Akwai jita mai kauri da ake ji a ƙirji, da ƙarar ƙarfe, da ƙahonni masu amsa wa mawaƙi. Abu na biyu, amshi gajere ne, kalma uku ko huɗu, a yi ta maimaitawa, yadda ko baƙo ya ji sau biyu zai kama. Abu na uku, sauri. Akwai mai sanyi da ake rangaji da shi, akwai kuma mai zafi da kan kai bugu 160 a minti guda. Don ki gane, zuciyar mutum yana zaune tana bugawa tsakanin 60 da 100 ne a minti. Tun daga shekarun 1980 kuma na'ura ta fara maye gurbin makaɗa, yau mutum ɗaya da kwamfuta a ɗaki yana iya haɗa kiɗan da a da sai mutum goma sha.

Dalilin wannan sauri shi ne inda ake amfani da kiɗan. Babban bikin ƙasar, kanibal, ana yin sa ranakun Litinin da Talata kafin Kiristoci su shiga azuminsu na kwana 40, a watan Fabrairu ko Maris. Ana farawa tun kafin asuba. Dubban mutane ke bin manyan motoci da aka ɗora wa lasifika, suna tafe suna rawa wuni guda. Waƙar da aka fi sakawa a wuraren da alƙalai ke zaune ita ke cin kambin titi na shekarar, kuma duk mawaƙi burinsa kenan. To mai tafiya cikin rana da hayaniya ba ya bin dogon labari. A 1991 wani mawaƙi, SuperBlue, ya ci kambin da waƙar da kawai take umartar jama'a su ɗaga wani abu su kaɗa. Daga nan aka shiga yayin waƙoƙin umarni: ku yi tsalle, ku ɗaga tuta, ku yi hagu, ku yi dama. Jaridar talaka ta koma usur.

Shi kansa mai abin bai ji daɗin inda aka kai shi ba. Lord Shorty a ƙuruciyarsa ya yi waƙoƙin batsa, ba a ɓoye yake ba. Amma daga baya ya tuba daga wannan hanya, ya kwashe iyalinsa ya koma dajin Piparo, ya canza suna zuwa Ras Shorty I, ya koma waƙoƙin addininsa da na gargaɗi. Ya riƙa kukan cewa kiɗan da ya ƙirƙira don haɗa kan jama'a an mayar da shi na shashanci. Waƙarsa da aka fi tunawa a wannan zango ita ce wadda yake jan kunnen yara a kan miyagun ƙwayoyi. Ya rasu a watan Yuli na 2000.

To ina mata a cikin wannan duka? Shekaru da dama rumfar kalifso ta maza ce, mace a ciki abin yi wa zambo ce kawai. Wadda ta karya wannan shinge ita ce Calypso Rose, haifaffiyar Tobago a 1940, 'yar wani mai wa'azin coci wanda bai so ta yi waƙa ba. Ta yi waƙa a kan 'yan aikatau da ake ba su aikin bayi da ladan da bai taka kara ya karya ba, waƙar da ake danganta ta da dokar da ta tsayar wa 'yan aikin gida mafi ƙarancin albashi. A 1977 ta zama mace ta farko da ta ci kambin titi. A 1978 ta ci babbar gasar da ake kira ta Sarkin Kalifso, dole aka canza wa sarautar suna zuwa wanda zai dace da namiji da mace. Singing Francine ta yi waƙa tana ba matan da mazansu ke duka shawarar su tsira da ransu, a lokacin da ba a maganar a fili. Singing Sandra kuma a 1987 ta yi waƙa a kan manyan da ke neman mace da lalata kafin su ba ta aiki, tana nuna gara talauci da mutunci. Ta ci babbar gasar sau biyu, a 1999 da 2003, ta rasu a 2021.

A ɓangaren Indiyawa kuwa, Drupatee Ramgoonai ce ta ɗauko waƙoƙin nan na daren mata ta haɗa da soka a 1987, ta kira shi catni-soka. Shugabannin al'ummarta da dama suka yi mata ca, suka ce abin da ake yi a bayan ƙofa ta kai shi kasuwa. Wannan muhawara, 'yan'uwa, ba baƙuwa ba ce a gare mu. Waƙar da ta yi kyau a tsakar gida tsakanin mata zalla, shin tana nan da kyanta idan aka sa ta a lasifika gaban maza da yara? Kowacce ta auna da kanta.

Ba zan rufe ku ba. Shigar da ake yi a kanibal, da irin rawar da maza da mata ke yi a haɗe, da shaye-shayen da ke tafe da su, sun yi hannun riga da tarbiyyarmu, kuma yawancin waƙoƙin soka na yanzu a kan wannan shagali suke. Su ma can ba kowa ya yarda ba. Akwai iyaye Musulmi da Kirista da 'yan Hindu da ke kwashe 'ya'yansu su bar gari har bikin ya wuce, kuma duk shekara dattawa na kukan an bar ma'ana an kama tsalle. Masu kare kiɗan su kuma suna cewa mutanen da aka taɓa hana kakanninsu taka titi da ganga, kwana biyun nan na rawa shaidar 'yancinsu ce. Duk da wannan ja-in-ja kiɗan ya yaɗu. Arrow, ɗan ƙaramin tsibirin Montserrat, ya kai shi duniya a farkon shekarun 1980. Ana jin sa a bikin Notting Hill na Landan da na Toronto a Kanada. A nan Nijeriya ma, bikin kanibal na Kalaba da aka fara a 2004 ya ɗauki salo da yawa daga na Tirinidad.

To me za mu ƙulla a bakin zane daga wannan tafiya? Abu biyu nake so mu riƙe. Na farko, idan kin ji ɗanki ko 'yarki na sauraren kiɗan da ba ki sani ba, kafin ki ƙwace wayar, zaunar da shi ki tambaye shi: me mawaƙin nan yake cewa? Fassara mini. Sau da yawa yaro bugu kawai yake bi, bai taɓa tsayawa ya ji maganar ba. Idan ya fassara da bakinsa a gabanki, in abin kunya ne shi da kansa zai sunkuyar da kai, in kuma mai ma'ana ne kun ƙaru ku biyu. Wannan ya fi tsawa aiki, domin tsawa tana koya masa sa abin kunne ne kawai.

Na biyu, kada mu raina abin da ke hannunmu. Matan nan da suka tsallaka teku ba su zo da dukiya ba, waƙoƙin iyayensu kawai suka riƙe, suka koya wa 'ya'yansu a tsakar gida, ga shi bayan shekara fiye da 150 ana jin amonsu a duniya. Mu fa? Injin niƙa ya ɗauke waƙar niƙa, siminti ya ɗauke waƙar daɓe, 'yan mata sun daina gaɗa a dandali, a biki kuma mai na'ura ya kori masu ƙwarya. Idan akwai tsohuwa a gidanku, kaka ko gwaggo ko inna, ki lallaɓa ta ta rera miki na zamaninsu, na reno da na aiki da na rakiyar amarya. Ki ɗauka a waya, ko ki sa 'yar makaranta ta rubuta a littafi. Ranar da tsohuwar nan ta tafi, da su za ta tafi, kuma babu kasuwar da ake sayo su.

To 'yan'uwa, agogo ya harare ni, nan za mu dasa aya. Wadda take da tambaya ko ƙarin bayani, ko wata tsohuwar waƙar mata da take so mu adana, ta aiko mana kamar yadda aka saba, ko ta ba maigida ko yaro ya kawo.